Giga Biyu da Rabi

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 6:40 na safe

Nas ɗin da na yi wa tsawa ranar Juma'a ce ta ce in nemi littafi in riƙa juye fushina a ciki, wai takarda ba ta ramawa. Na so in ƙara mata wata tsawar, sai na ga gaskiyarta. To ga littafin.

Jiya na kwashe faifan tsohuwar kwamfutar Yaya. Shi ya sa ni. Tun da aka yi masa aikin maƙogwaro ba ya magana sai a ɗan farin allon da Anti, matarsa, ta saya masa. Ranar Asabar ya rubuta mini: "Injin ya fara ƙas-ƙas. Kwashe kafin ya mutu." Ya ja layi biyu a ƙarƙashin kwashe. Ko a gadon asibiti Yaya ba ya fasa ba da umarni.

Muryarsa ce a cikin faifan. Wata huɗu kafin aikin, da ya tabbata ba zai fito da ita ba, kullum da safe sai ya shige ɗakin karatu ya turo ƙofa, ya zauna gaban makirfo yana yi wa ƴarsa Tsuntsuwa magana. Shekararta uku, surutu kamar an kunna rediyo, shi ya sa sunan ya bi ta. Ya ce saƙonni ne na shekarun da ke gaba, kowanne da ranar da za a kunna mata. Don taurin kai irin nasa kuma ya ƙi ɗauka a waya kamar kowane ɗan Adam. Sai a wannan tsohon injin, da wata manhajar ɗaukar sauti da kamfaninta ya daɗe da rufewa, wai ita ce ba ta matse murya. Ba ta buɗuwa a ko'ina sai a tsohon tsari.

Ban damu ba, tunda muna da Aku. Manhaja ce da ni da Yaya muka rubuta ina ƴar shekara sha tara, wadda ke sa sabuwar kwamfuta ta kwaikwayi tsohuwa har tsofaffin manhajoji su ɗauka a gida suke. Shi ya raɗa mata sunan. In an kwafe faifan tsohon inji ya zama fayil guda, sai a miƙa wa Aku, ya tashe shi garau.

Faifan irin na da ne mai faffaɗar igiya, ba abin da ke karɓarsa sai kwamfutar da ke sito a ofishinmu, wadda muke ɗora katan-katan a kanta. Na goge ta, na haɗa, na kunna ɗan makwafin da ke cikin Aku, mai kwafe faifai ya mayar da shi fayil. Bayan minti arba'in ya rubuto: An gama. Giga biyu da rabi. Na zuba a filashi biyu, ɗaya a jakata, ɗaya a aljihun tebur, na mayar da faifan gidan Yaya.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 1:15 na rana

Anti ta kira. Likita ya ce wataƙila a sallami Yaya ƙarshen mako, amma sai an samo gado irin na asibiti mai ɗagawa, kuma ba inda zai shiga sai ɗakin karatu. Tana son sanin ko za ta iya rabuwa da tarkacen injinan da ke ciki, ga mai gwangwan a ƙofar gida da kurarsa.

Na ce, "Ki bayar, Anti. Komai yana hannuna."

Ta yi ajiyar zuciya, ta sa mini albarka. Na ji daɗin kaina har na sayi lemo.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 7:20 na yamma

Aku ya ƙi fayil ɗin. Ya ce girmansa giga ɗaya da rabi ne ƙasa da sifili. Na yi dariya ni kaɗai a ofis har Dogo, wanda teburinsa ke kusa da nawa, ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Na san ciwon. Gurbin da Aku ke ajiye girman fayil mai bit talatin da biyu ne, an kuma ware bit ɗaya don nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa. Iyakar ƙirgensa giga biyu ke nan. Da an wuce nan sai ya kife. A zamanin da aka rubuta shi faifan irin waɗannan injinan ko rabin giga bai cika kaiwa ba. Wani mai gaggawa ne dai ya yi aikin.

Na kai wa Yaya labarin a lokacin dubiya. Ya yi dariyarsa ta yanzu, wadda kafaɗu ke yi ba baki ba, ya rubuta: "Gurbi ya cika." Sai ya goge da gefen hannu ya rubuta: "Nawa ne fayil ɗin?" Na ce biyu da rabi. Ya ɗan tsuke fuska, ya ɗora makar rubutun a kan allon, sai tari ya sarƙe shi. Makar ta faɗi ƙarƙashin gado, nas ta shigo da injin zuƙe majina ta ce mu ba su wuri. Da na dawo ya yi barci.

Ya rame. Agogonsa yana zamewa har tsakiyar hannu.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Wuri arba'in da ɗaya ne a cikin Aku inda ake ajiye girma ko matsayi a ƙaramin gurbi. Duk sai na mayar da su masu bit sittin da huɗu. Ba canza suna kawai ba ne. Umarnin da ke cewa tsallaka zuwa wuri kaza a cikin fayil shi ma ƙaramar lamba yake karɓa, sai an sauya shi da babban. Wani wurin kuma ana ninka lambar sashe da girman sashe, amsar ta yi ambaliya tun kafin a zuba ta a babban gurbin. Ka toshe nan, can ta ɓalle.

Dogo ya ce in ba shi rabi. Na ce a'a da muryar da ta sa ya koma kan aikinsa. Namu ne ni da Yaya, ba na son hannun kowa a ciki.

Makwafin ban taɓa shi ba, shi ai ya gama nasa aikin.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 11:30 na safe

Gado ya iso. Tsuntsuwa ta gano mariƙin da ake juyawa, ta ɗaga kan gadon ta sauke ya fi sau ashirin, tana cewa jirgin Baba ne. Ɗakin ya yi fili. A kan tebur akwai shatin inda injin ya zauna shekara da shekaru, wurin ya fi sauran katakon haske.

Ba a sallame shi ba. Sun ce sai zazzaɓin ya sauka.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 8:05 na safe

Sun mayar da shi ɗakin da ba a shiga sai mutum ɗaya-ɗaya.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 3:45 na yamma

A bencin baranda na yini da kwamfuta a cinya. Saura wuri goma sha biyu. Anti ta fito idanunta jajur, ta tsaya a kaina ta tambaye ni me nake ta dannawa a irin wannan lokaci. Ban iya ce mata shi kaɗai ne abin da na iya gyarawa a duk ginin nan ba. Na ce aikin ofis ne. Ta dube ni kamar ba ta san ni ba, kuma ban ga laifinta ba.

Na shiga minti biyar. Na gaya masa saura kaɗan Aku ya tashi. Ina jin ya matsa yatsana. Ina jin.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

Saura bakwai.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 10:05 na safe

Yaya ya cika. Ƙarfe tara saura kwata.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Kwana huɗu ban buɗe littafin nan ba. Takalma ne a ƙofar gida har kan titi, mutum ba ya gane nasa. Kowa da abin da zai gaya maka, duk iri ɗaya, ni kuma sai amsawa nake kamar Aku. Wata da ban taɓa gani ba ta riƙe hannuna ta ce ai ya huta. Ban yi mata tsawa ba, nas ɗin nan da ta ga haƙurina da ta yi mamaki.

Asibiti sun ba mu kayansa a leda: agogo, silifas, tabarau, da farin allon. Akwai rubutu a kai, "Rufe taga," harafin ƙarshe ya zame ƙasa. Anti ta jingina shi a kan firij. Ba wanda ya goge.

Da safe masu gadon nan mai ɗagawa suka zo suka kwance shi suka tafi da shi. Ba wanda ya kwanta a kai sai Tsuntsuwa.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 9:10 na safe

Muna wanke kofuna Anti ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Auta, yaushe za mu ji shi?"

Na ce cikin makon nan, in sha Allahu.

Ta ce ba ta taɓa sauraron ko ɗaya ba, ya hana ta. Takan dai jiyo shi ta bayan ƙofa wani lokaci yana dariya shi kaɗai, wani lokaci shiru mai tsawo. Ta ce tun aikin take ƙoƙarin tuna yadda yake kiran sunanta, abin yana kuɓuce mata. Wayarsa ba komai a ciki, mutum ne da bai taɓa aika saƙon murya ba, wai lalaci ne.

Na koma ofis. Oga ya ce in tafi gida in huta, na ce a nan nake hutawa.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 12:50 na rana

Ya tashi! Aku ya karɓi fayil ɗin, allon ya yi baƙi, sai ga tsohon tsarin yana buɗewa da ɗan kiɗansa. Ga hoton da Yaya ya sa a bango, Tsuntsuwa tana jaririya da hula ta rufe mata ido ɗaya. Ga manhajar sautin. Ga jerin, saƙo ɗari biyu da goma sha biyu, kowanne da sunansa.

Ranar da kika fara makaranta. In haƙorinki ya fita. In kin yi faɗa da mamanki. In kin faɗi jarabawa. Yadda ake canza taya. In wani ya ce yana son ki, kashi na ɗaya zuwa na huɗu. Labarin yadda Gwaggonki Auta ta ƙona mini kwamfuta.

Na sa abin kunne na danna na farko. Muryarsa ce, cikakkiya, ta da. Na kifa kaina a tebur. Dogo ya tashi ya fita, ya ja ƙofa a hankali.

Bari in wanke fuska in ji sauran.

Alhamis, ƙarfe 4:35 na yamma

Na biyu bai buɗu ba. Na uku ma. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har na ɗari biyu da sha biyu, amsa ɗaya: ba a iya karanta wurin ba.

Na tambayi tsohon tsarin girman faifansa. Ya ce giga shida da rabi.

Shida da rabi a cire huɗu.

Gurbin makwafin ba ya ware bit don sama ko ƙasa da sifili, don haka shi yana kaiwa giga huɗu kafin ya cika. In ya cika ba ya kifewa, komawa sifili yake ya ci gaba da ƙirge, kamar mitar tsohuwar mota. Ya auna faifan, ya wuce huɗu, ya zagayo, ya tsaya a biyu da rabi. Ya kwafe biyu da rabi cif, ya ce an gama. A lissafinsa bai yi ƙarya ba. Tsarin da jerin sunaye da saƙo na farko suna farkon faifan. Sauran suna can gaba, inda bai je ba.

Filashi biyu na yi don tsaro. Kwafi biyu na abu ɗaya.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 6:15 na yamma

Na nemo mai gwangwan. Mai shagon bakin layi ne ya kwatanta mini filin da suke tarawa, bayan gadar jirgin ƙasa. Dattijo ne mai yatsu huɗu a hannun dama. Ya tuna gidan, har ya tuna yarinyar da ta bi kurarsa tana surutu. Ya ce faifai irin wannan da guduma suke fasa shi, su cire maganaɗisu, su ware alminiyon, kuma duk Asabar babbar mota ke kwashewa zuwa inda ake narkarwa. Asabar biyu sun wuce.

Na ce duk da haka zan duba. Bai yi musu ba, ya ba ni safar hannu ɗaya. Awa uku ina tona tsibin ƙarafa. Na samu murfin injin, na gane shi da sitikar da na manna masa da hannuna. Cikinsa wayam. Wani kwano ya yanke ni a tafin hannu, dattijon ya zuba mini ruwa, ya turo mini kujera.

Ya ce, "Malama, kuɗi ne a ciki?"

Na ce a'a, magana ce.

Ya jinjina kai. Na dawo da murfin, ban san me zan yi da shi ba.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe

Ban gaya mata ba.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe 1:30 na rana

Ban gaya mata ba. Anti ta sayo sabuwar sifika, ta ce ba ta so a ji shi ta ƙaramar ta kwamfuta. Ta nuna mini tana murmushi, karo na farko tun ranar. Na ce tana da kyau.

Fuskar da Yaya ya tsuke a asibiti ranar Alhamis ɗin nan ta ƙi barina. Shi ya sayi faifan, shi ya sa shi da hannunsa, ya san girmansa. Da na tsugunna na ɗauko makar daga ƙarƙashin gado. Da na sake tambayarsa washegari, maimakon in cika shi da labarin wuri arba'in da ɗaya. A lokacin ko Asabar ta farko ba ta yi ba. Da na sani ƙeya ce, amma ni tawa a gaba take tsaye, duk inda na juya ita nake gani.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 11:20 na safe

Na bar Dogo ya duba. Ya bi fayil ɗin daga farko har ƙarshe ko akwai ɓurɓushin sauti a wani lungu. Babu. Sai ya buɗe kod ɗin da muka rubuta makwafin da shi don ya ga inda abin ya faru, ya karanta, ya juyo mini da allon.

Ban buƙaci gani ba. Tun ranar 6 ga wata na san waye mai gaggawar, na dai rubuta shi a nan kamar wani baƙo ne. Ni na rubuta layin, da na cikin Aku, da na makwafin. Na tuna ranar, muna zaune a ƙasa a ɗakin Yaya na haya, fanka tana ƙara. Ya ce in yi amfani da babban gurbi. Na ce zai rage gudu a kan ƙananan injina, kuma wa zai taɓa haɗa wa irin wannan tsohon tsari faifan da ya wuce giga huɗu? Muka yi ta musu, ni da baki ba a kayar da ni. Ya ɗaga hannu ya ce na ci.

Abin da na manta shi ne bayanin da ya sa a saman layin. Yana nan, shekara goma sha huɗu:

Auta ta ce wannan ya isa. Na yarda da ita.

Na gyara layin. Minti biyu ya ɗauke ni. Bayanin na bar shi yadda yake.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe 7:00 na safe

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Gobe.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe 6:50 na yamma

Na samu Anti a ɗakin karatu tana ninke rigunansa a kan teburin. Na gaya mata a tsaye, ban zagaya ba. Ban ce inji ne ya yi ba. Na ce ni na rubuta abin da ya yanke, ni na ga biyu da rabi ban tambaya ba, ni na ce ta bayar.

Ta gama ninke rigar da ke hannunta, ta daidaita wuyan. Ta tambayi nawa suka rage cikin ɗari biyu da sha biyun. Na ce ɗaya, daƙiƙa goma sha huɗu. Ta zauna a kujerarsa. Na so ta zage ni, wallahi na so. Ta daɗe tana kallon shatin da ke kan teburin.

Ta ce, "Ya sani?"

Na ce a'a.

Ta ce to alhamdu lillahi. Wannan a'ar ni zan riƙe ta, ni da littafin nan.

Sai ta share ido da bayan hannu, ta ce in haɗa sifikar, ta ƙwala wa Tsuntsuwa kira. Ta zo da gudu da cokali a hannu, ta haye cinyar uwarta. Na danna.

Ƙarar kujera. Ya busa makirfo sau biyu. "Gwaji, gwaji. Ɗaya, biyu. Ana ji na? Tsuntsuwa, ana ji na?"

Ta miƙe zumbur ta ce wa sifikar, "Ana ji, Baba!"

Ya yi ƴar dariya, kamar ya ji ta. Ya gyara murya ya ce, "To madalla. Bari mu fara."

Shi ke nan. Layin ya kai ƙarshe ya tsaya.

Tsuntsuwa ta gyara zama, ta ɗora cokalin a cinya, ta yi shiru irin wanda ban taɓa ganin ta yi ba. Ta jira. Anti ta cusa fuskarta a gashin yarinyar. Da shirun ya yi yawa sai ta juyo ta dube ni.

"Gwaggo, ki ce ya fara mana."

Na sake kunnawa daga farko.